Kafin ka tafi koyar da kwamfuta a ƙasar waje, ka leƙo Sabon Gari ranar Asabar

1/ Jama'a, sati biyu ke nan muna gardama a ɗakinmu a kan aikin sa kai a ƙasar waje. Zaren zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni.

2/ Abokin zamana ɗan aji huɗu ne a nan jami'ar Aliko Dangote ta Wudil, wadda har yau muke ce wa KUST. Ya ga tallar neman masu sa kai, su koyar da kwamfuta da wasanni a wata cibiyar koyon sana'a a ƙetare. Tun ranar ba shi da zance sai fasfo.

3/ Da ya gaya wa yayansa, sai ya ce masa: "Kai da ko kuɗin mota zuwa Kano sai an turo maka, kai ne za ka je ka yi wa wasu aikin banza?" Ni ban yarda da Yaya ba. Amma shi ma mutumina ban goya masa baya gaba ɗaya ba.

4/ Mu fara da Yaya. Aikin sa kai a waje ba aikin banza ba ne, kuma ba Turawa kaɗai ke yin sa ba. Amurka ta kafa Peace Corps a 1961, Japan ta fara tura nata matasan a 1965, har yau kuma tana aika masu koyar da kwamfuta da wasanni ƙasashe irin su Ghana.

5/ Mu ma muna da namu. Tun 1987, zamanin Babangida, Najeriya ta kafa Technical Aid Corps. Ana tura malamai da likitoci da injiniyoyi na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, irin su Gambiya, Uganda, Jamaika da Fiji, gwamnati na biyan su alawus.

6/ Tarayyar Afirka ma ta ƙaddamar da shirin matasa masu sa kai a Abuja a Disambar 2010, ana yin shekara guda. Wanda ya je ya dawo da sanin mutane da gogewar da ba a samu a ɗakin lakca. To ina banza a nan, Yaya?

7/ Yanzu mutumina. Na tambaye shi: "Malam, ka taɓa koya wa wani kunna kwamfuta?" Ya yi shiru. Ya iya rubuta manhaja fiye da ni, wallahi. Amma iyawa daban, koyarwa daban, kuma masu tantancewa abin da ka riga ka yi suke tambaya.

8/ Ni ma na ɗauka abu ne mai sauƙi sai da na shiga. Tun bara nake zuwa wata 'yar cibiyar koyon sana'a a Sabon Gari duk Asabar. Ɗinki da gyaran waya ake koyarwa, sai wani ɗaki mai kwamfuta shida, huɗu ke aiki. In wuta ta ɗauke mu haɗa kuɗin man janareta.

9/ Ranar farko na zo da shirin koyar da Excel. Awa biyu muka yi a kan riƙe linzamin kwamfuta. Wata yarinya ta ɗaga shi sama tana juyawa kamar rimot, aji ya fashe da dariya. Sati biyu ba ta dawo ba, sai da na je na ba mahaifiyarta haƙuri.

10/ Laifina ne, don ni ma na yi murmushi. Kuma yarinyar nan JAMB za ta zana. Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake jarabawar. Ku yi tunanin yaron da ya haddace darussansa, amma ranar jarabawa ce ranarsa ta farko a gaban allon kwamfuta, agogo na ta gudu.

11/ Da yawansu ba su ma san ana iya amsawa ba tare da linzami ba: A, B, C, D don zaɓen amsa, N ka yi gaba, P ka koma baya. Minti goma ya isa a nuna wa yaro wannan. Rashin minti goman nan na iya jawo masa zaman shekara guda a gida.

12/ Batun wasanni kuma, masu raina shi ba su san samari ba. Mun yi ta kiran yaran da ke dako a kasuwar kara ranar Juma'a, ba wanda ya zo. Muka sayi ƙwallo ɗaya muka ce akwai gasa bayan la'asar, fili ya cika.

13/ Sai muka kafa doka: wanda bai zauna awa ɗaya a ɗakin kwamfuta ba, ba zai sa riga ba. Aikinsu na farko shi ne teburin gasar a Excel, maki uku ga nasara, ɗaya ga canjaras. Yaron da ya tsani lissafi shi ke kama ni in na kuskure a bambancin ƙwallaye.

14/ Na san abin da wasu za su ce: "Aikin gwamnati ne, me ya sa ɗalibin da ke shan garin kwaki zai ɗauka?" Gaskiya ne, kuma ba zan daina neman a sa kwamfuta da sola a makarantu ba. Amma yarinyar can jarabawarta bana ce, ba za ta jira kasafin kuɗi ba.

15/ Gargaɗi ɗaya. Wani maƙwabcinmu ya sayar da sa biyu ya ba wani ejan da ya yi masa alkawarin gurbin sa kai a Turai. Har yau lambar a kashe take. Shirye-shiryen da na lissafa ba a sayen gurbinsu a hannun dillali. Ka nema da kanka a shafinsu.

16/ To abin da na gaya wa abokina ke nan: ka tafi, ina ma a ce tare za mu tafi. Amma akwai hidimar ƙasa a gabanka, akwai Asabar da yawa kafin nan. Ka koyi haƙuri da mai koyo a harshenka tukuna, kafin ka gwada a inda ba ka jin yarensu.

17/ Ya ce zai zo wannan Asabar ɗin. Na ba shi kwamfutoci biyun da suka mutu ya fara da su. Ɗaliban Wudil da ke da awa biyu, ko tsohuwar kwamfutar da ke kwance a gida, ku yi mini magana ta akwatin saƙo. Allah Ya sa mu dace.