Farce Da Takobi A Wasan Dodanni

Yau za mu leƙa Amurka, inda Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a 1974. Wasan tatsuniya ne na kan tebur. Kowa ya zaɓi jaruminsa, a jefa ɗan ludo mai fuska 20 a ga ko sara ya samu.

Dokokin bugun 2003 sun bambanta farce da takobi. Mai takobi in ya ƙware, ana ƙara masa yawan sara a zagaye guda. Mai farce kuwa, kome daɗewarsa a fagen fama, hannu biyu yakushi biyu, shi ke nan. In ya riƙe takobi da dama, farcen wannan hannu ya fita lissafi, na hagu kuma a rage masa maki 5.

Wai an ƙware shi? A ganina sam. Dubi babban macijin nan mai aman wuta: cizo, farata 2, fukafukai 2, ga wutsiya, hari 6 ke nan. Da za a riɓanya masa su, wane jarumi zai ga zagaye na biyu?