Digiri na biyu a fannin man fetur: Ina aikin yake ga matasan Sakkwato?

Tun bayan da tsohon shugaban Najeriya Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe, a watan Nuwambar 2022, batun karatun injiniyan man fetur ya ƙara samun kunnen saurare a arewacin ƙasar.

Ga matashin da ya fito daga ƙaramar hukumar Boɗinga ko Shagari a jihar Sakkwato, wanda ya kammala digirin farko, tambayar ita ce ko ya dace ya ƙara shekara ɗaya ko biyu don digiri na biyu a wannan fanni, kuma ina zai yi aiki da shi.

Ƙananan hukumomin biyu dai suna kan shimfiɗar duwatsun da masana ke kira Kwarin Sakkwato, wanda wani ɓangare ne na babban kwarin Iullemmeden da ya miƙa har Nijar da Mali. A shekarar 2017 gwamnan jihar na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya nemi kamfanin NNPC da ya zo ya binciki mai a yankin. Haka kuma dokar man fetur ta 2021 ta ware wani kaso na ribar kamfanin domin neman mai a sabbin yankuna.

Sai dai kuma har yanzu ba a bayar da sanarwar gano man da ya isa a haƙa don kasuwanci a Sakkwato ba.

Masu kafa hujja da Nijar ma akwai abin da ya kamata su lura da shi. Man da ake tacewa a matatar Damagaram tun 2011 yana fitowa ne daga Agadem, can gabashin ƙasar, a wani kwari dabam da wanda Sakkwato take ciki.

Ma'ana dai, wanda ya yi wannan digiri a yau, aikinsa yana nesa da gida: a Fatakwal, ko Warri, ko Legas, ko kuma ƙasashen waje.

Hanyoyin karatun

A cikin gida, jami'o'in Ibadan da Fatakwal sun daɗe da yin suna a fannin, yayin da a arewa ake koyar da shi a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi.

Babbar ƙofar da ɗan talaka ke bi zuwa waje ita ce asusun PTDF, wanda aka kafa a 1973 domin horar da 'yan ƙasa, kuma ya ɗauki nauyin ɗalibai zuwa Birtaniya da Jamus da Faransa da Malesiya. Asusun yakan nemi sakamako mai kyau a digirin farko da shaidar kammala hidimar ƙasa, abin da ke nufin shirin yana farawa ne tun daga darasin lissafi da kimiyya a makarantun sakandaren Boɗinga da Shagari.

Darasin tarihi

Mutanen Shagari ba baƙi ba ne ga sauyin da kasuwar mai ke yi. Ɗansu, marigayi Alhaji Shehu Shagari, shi ne kwamishinan kuɗi na tarayya lokacin da aka kafa PTDF, kuma a zamanin shugabancinsa aka buɗe matatar Kaduna a 1980. Amma da farashin mai ya faɗi, tilas gwamnatinsa ta ɗauki matakan tsuke bakin aljihu a 1982.

An sake ganin irin haka daga 2014, lokacin da ganga ta faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, kamfanoni kuma suka sallami dubban ma'aikata a duniya. Ɗalibin da ya shiga aji ana cikin wadata yana iya fitowa ya tarar an rufe ƙofa.

Masu ɗaukar aikin su ma sun sauya. Tsakanin 2024 da 2025, kamfanonin Eni da ExxonMobil da Shell sun sayar da wasu kadarorinsu a Najeriya ga Oando da Seplat da Renaissance. Matatar Dangote kuwa, wadda ta fara aiki a 2024, aikinta ya fi kusa da injiniyan sinadarai fiye da injiniyan rijiya.

To amma wannan ba ya nufin karatun ya zama asara. Abin da ake koyarwa a cikinsa, wato haƙa rijiya mai zurfi da sanin yadda ruwa ko iska ke tafiya a cikin dutse, shi ne kuma ake buƙata wajen iskar gas da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Tun shekarun 1960 masana suka tabbatar Kwarin Sakkwato yana ɗauke da ruwa mai yawa a ƙarƙashinsa, kuma manoman rani suna buƙatarsa tun yanzu.

Don haka wanda ya zaɓi fannin da niyyar jiran rijiyar farko a Sakkwato yana iya daɗewa yana jira. Wanda kuwa ya shirya wa barin gida, ya kuma karkata bincikensa zuwa gas ko ruwa, ya fi samun abin riƙewa idan farashin ganga ya sake faɗuwa.