Iguwana Ba Ta Sabo da Ƙarfi

Iguwana, ƙatuwar ƙadangaruwa mai cin ganye ta Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, takan kai kusan mita 2. Idan ta girma ba ta saba da mutum ba, wasu masu kiwonta kan cafke ta da ƙarfi wai don ta yi laushi. Wannan kuskure ne. A tsakiyar kanta akwai ɗan ido mai gane inuwa, saboda haka hannun da ya sauko daga sama, a wurinta shaho ne; sai cizo da bulalar wutsiya. Kamata ya yi mai kiwo ya riƙa miƙa mata ganye daga gefe kullum, har ta kusanto don kanta, ko da za a yi watanni. Marar wannan haƙuri kada ya saye ta.