Kafin a sayi ƙatuwar intakula, a fara duba waya

Duk mai buga PUBG ko Free Fire da tsakar rana ya san abin da ke faruwa bayan minti ashirin: bayan wayar ya ɗau zafi, hoto ya fara sarƙewa. Wayar ce da kanta ke rage gudu don kada kayan cikinta su ƙone. Haka motar turbo ke yi, musamman wadda aka yi wa tiyunin. Takun farko ta tashi kamar harsashi, a na uku ta koma kamar an ɗaura mata tirela. Shi ya sa intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, ta zama abu na farko da samari masu BMW 335i da Golf GTI ke yin oda daga waje. Sayen yana da hujja. Yadda ake zaɓar ta ne abin dubawa, domin da yawa girmanta kawai suke kallo, da yadda za ta haska ta cikin bamba a hoton Instagram.

Turbo matse iska yake yi, iskar da aka matse kuwa dole ta yi zafi. A motar da aka ƙara wa matsi zuwa psi 20 ko sama, iskar da ke fita daga turbo kan haura digiri 150 a ma'aunin Salshiyas. Zafin yana cutarwa ta hanya biyu. Duk ƙarin digiri 10 yana rage kaurin iska da kusan kashi 3 cikin 100, wato ƙarancin iskar da za ta ƙona fetur. Sannan iska mai zafi na sa fetur ya kama da wuta kafin lokacinsa, abin da ke fasa fistin idan ya yi yawa. Kwamfutar mota na ganin haka sai ta jinkirta tartsatsin filogi ta rage matsi, ƙarfin dokin da aka biya kuɗi aka ƙara ya zube a titi.

Intakula ba ta da wani sanyi nata. Iskar waje ce ke ratsa ta, don haka ba za ta taɓa sauke zafi ƙasa da na gari ba. Bidiyon gwaji da aka ɗauka a Jamus ana digiri 20 bai gaya wa mai mota a Sakkwato ko Maiduguri abin da zai gani a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura 40.

Abin mamaki, kayan da za su raba gardama suna cikin aljihu. Kowace motar zamani tana da kafar OBD2 a ƙasan sitiyari. Da ƙaramar na'urar Bluetooth irin ELM327 da manhaja kamar Torque Pro ko Car Scanner, waya za ta nuna zafin iskar da ke shiga inji daƙiƙa bayan daƙiƙa. Masu BMW da ke amfani da MHD suna da wannan a cikin manhajar tiyunin ɗin. Sai a samu hanya mara jama'a, a taka motar a giya ta uku sau uku a jere, waya na ajiye bayanan da kanta, a duba daga baya. Idan zafin ya tsaya digiri 10 zuwa 15 sama da na gari, kuma yana sauka da sauri, intakular kamfani na yin aikinta, kuɗin ya fi dacewa da tayoyi ko birki. Idan kuwa kowane taku yana farawa daga inda na baya ya tsaya, zafi na hawa zuwa 60 ko 70, to sayen ya zama dole. Kuɗin wannan gwaji bai kai na cika tanki ɗaya ba.

Ga wanda gwaji ya nuna yana bukata, ƙatuwar da ta fi kowace girma ba kasafai take zama daidai ba. Misali injin N54 mai turbo biyu na 335i, wanda ya fito a 2006. Ana sayar masa da mai kaurin inci 5, da mai 7, da mai 7.5. Mai inci 5 kan shiga gurbin ta asali kai tsaye, kuma ta ishi motar da ke kan turbo na kamfani. Manyan sai an yanke robar da ke kewaye, ga nauyi, ga ƙarin sararin da turbo zai cika kafin mota ta amsa. An yi su ne don masu manyan turbo da filin tsere. Golf GTI Mk7 kuwa lamarinta ya fi tsauri, domin intakularta a matse take tsakanin kwandansar AC da lagireto. Duk iskar da za ta sanyaya ruwan inji sai ta ratsa ta tukuna. Mai kauri da ƙananan ƙofofi tana tare wannan iska, kuma a cunkoson Kano da azahar, AC a kunne, fanka kaɗai ke ja. Garin neman gira a rasa ido: an sanyaya iska, an dafa ruwan inji. Ƙurar hunturu ma takan toshe ƙofofin, sai an riƙa wankewa.

Akwai lamba ɗaya da ta kamata a nema a shafin mai sayarwa: yawan matsin da ke ɓacewa tsakanin mashiga da mafita. Masu tiyunin kan so kada ya wuce psi 1 zuwa 2. Kamfanoni irin Wagner Tuning na Jamus da do88 na Suwidin sukan wallafa sakamakon gwajin kayansu. Mai arha mara suna, wadda ba a ba da komai a kanta ba sai tsawo da faɗi da hoto mai ƙyalli, caca ce. Waldar gefenta na iya yoyo, kuma turbo zai riƙa wahala yana cike gurbin iskar da ke zurarewa, yana ƙara zafin da aka sayi na'urar don ragewa.

Wasu motocin ma ba su da irin wannan intakula sam. Injinan B48 da B58 na sababbin BMW, da M274 na Mercedes C300, da ruwa suke sanyaya iskar turbo. A nan abin da ake sauyawa shi ne ƙaramin lagireton da ke gaba mai sanyaya wannan ruwa.

Sai batun fetur, inda lamba ɗaya ke ruɗar mutane. Idan manhajar tiyunin ta rubuta 91 a ma'aunin Amurka, tana nufin kusan 95 a ma'aunin RON da Turai da Najeriya ke amfani da shi. Fetur mai RON 91, irin wanda aka saba samu a gidajen mai a Najeriya, daidai yake da kusan 87 na Amurka. Intakula mai kyau tana rage haɗarin, amma ba ta ƙara wa fetur inganci ko kaɗan. Motar da aka ɗora wa tiyunin na RON 98 tana shan 91 za ta ci gaba da jinkirta tartsatsi ko da iskar ta sauka zuwa digiri 50, kuma wayar za ta nuna hakan a layin tayimin na kowace silinda.