Maganin da kake zuba wa kaji kullum, ƙodar mutum ce ke biyan kuɗinsa

'Yan uwa masu shirin fara kiwo, akwai ɗabi'ar da nake roƙon kada ku gada: zuba wa kaji ko tarwaɗa antibayotik lafiyarsu ƙalau, wai "rigakafi". Rigakafi shi ne Gumboro da Lasota a kan lokaci, da tsaftar ɗaki da ruwa mai kyau.

A hanjin kaza akwai ƙwayar cutar E. coli. Duk sanda ka ba da magani kaɗan-kaɗan, raunana su mutu, masu taurin kai su hayayyafa. Ta kashin kaji, ko hannun da ba a wanke ba, ko naman da bai dahu ba, sai su shiga jikin mutum. E. coli ce kan gaba wajen haddasa ciwon mafitsara, musamman ga mata. In magani bai ci ta ba, sai ta haura ƙoda: zazzaɓi mai zafi, rawar ɗari, ciwon kwiɓi, amai. Ƙodar ta kumbura, wani lokaci ta yi tabo, ko cutar ta shiga jini.

Idan magungunan yau da kullum suka gaza, likita kan koma ga irin su gentamicin da colistin, waɗanda su kansu suna wahalar da ƙoda. Su ɗin ne kuma muke barbaɗa wa kaji kamar gishiri. Tarayyar Turai ta hana sa antibayotik a abincin dabbobi don ƙiba tun 2006. A 2015 aka gano E. coli mai bijire wa colistin a dabbobin China, a 2017 ƙasar ta hana amfani da shi don ƙiba. Ƙiyasin 2019 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne cututtuka masu bijire wa magani suka kashe a duniya, kuma abin ya fi tsanani a Yammacin Afirka.

Na san za a ce, "Malam, in ban ba su ba, jarina zai narke." Gaskiya ne, asara ba daɗi. Amma ranar da ciwon gaske ya faɗo garken, maganin da ka saba musu da shi ba zai yi aiki ba.

In kaza ta kwanta, kira likitan dabbobi. Ka cika kwanakin magani, ka kuma jira kwanakin da aka rubuta a jikin leda kafin ka sayar da ƙwai ko nama. Iyalinka ne farkon masu ci.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu.