Kafin ka sayi injin ban ruwa, fara tambayar rijiyarka



Da zarar damina ta ɗauke, aka gama yankan dawa, hankalin magidanta a Gwarzo da Kabo kan koma fadama. Daga Getso zuwa Garo, da ƙauyukan da ke bakin madatsar Guzu-Guzu, za ka ji hira ɗaya ake yi a majalisa: wane injin ban ruwa ya kamata a saya bana? Da yawa daga cikinmu 'ya'yan manoma ne, kuma mu ake miƙa wa waya a ce mu duba farashi. Ra'ayina shi ne yawancin asarar da ake tafkawa a wannan ciniki tun daga gida ake ɗaukar ta, domin mutum yakan tafi kasuwa da hoton injin maƙwabcinsa a ransa, bai auna ruwansa da filinsa ba.

Kakanninmu da jigo suka yi lambu. Ƙananan injuna sun bazu ne tun daga shekarun 1980, lokacin da hukumar KNARDA ta riƙa haƙa wa manoma gajerun rijiyoyin bututu a fadamu, sannan shirin Fadama na Bankin Duniya ya ɗora a farkon shekarun 1990. Yau injuna biyu suka fi yawa a hannun ƙaramin manomi, wato mai baki inci biyu da mai baki inci uku. Na farkon yakan ba da kimanin lita 600 a minti ɗaya idan yana da lafiya, na biyun kuma kimanin lita 1,000. Duk wanda ya ji wannan lissafi sai ya ce ai babban ya fi. A nan ne ake faɗawa rami.

Inji ba ya ƙirƙirar ruwa, abin da rijiya ta tara shi yake ja. Idan ka ɗora mai inci uku a kan 'yar rijiyar bututu wadda ruwanta a hankali yake tsattsafowa, cikin ɗan lokaci zai zuƙe ta ƙarƙaf ya koma jan iska. Inji kuwa idan ya yi ta gudu babu ruwa a cikinsa, robar da ke tare ruwa a jikin sandarsa takan ƙone, sai ya fara yoyo. Mai shi zai yi ta kashewa yana jira, yana sake ɗura ruwa yana tayarwa, fetur yana tafiya, fangali biyu ba su jiƙu ba. Shi kuwa mai inci biyu da aka raina yana can yana ja daidai da ƙarfin rijiyar har la'asar.

Akwai kuma maganar zurfi. Irin waɗannan injuna da ake ajiyewa a bakin rijiya ba sa iya jan ruwan da ya wuce mita bakwai zuwa takwas a ƙasa, komai girmansu, komai sunan kamfanin da ke jikinsu. Ruwan fadama kuwa yana ja da baya ne yayin da rani ke nisa. Rijiyar da ka auna a Nuwamba ba ita za ka tarar a Maris ba, kuma a lokacin ne albasa da tumatir suka fi buƙatar ruwa. Don haka tambayar da ta dace a yi wa dattawan wurin ita ce: ina ruwan nan yake tsayawa idan bazara ta yi tsanani? Idan amsar ta wuce wancan zurfin, sai dai a haƙa rami a saukar da injin ƙasa, ko a nemi famfon da ake zurawa cikin ruwa.

Na san abin da masu son babban inji za su ce. Za su ce yana gama aiki da wuri, kuma ana iya ba da shi haya a mayar da kuɗi. Wannan gaskiya ne ga wanda gonarsa take bakin dam, kamar masu noma a gefen Challawa ta Ƙaraye, inda ruwa yake a shimfiɗe, fili kuma ya kai kadada biyu ko uku na alkama ko masarar rani. Amma mai rabin kadada na kayan miya, ruwa mai ƙarfi ɓarna yake masa: ya fasa kunya, ya kwashe taki, ya kwantar da dashe. Ita kuma haya, duk wanda ya taɓa ba da inji ya san yadda yake dawowa, babu baƙin mai, igiyar tayarwa a tsinke, ga kunyar tambayar kuɗi a wurin ɗan uwa.

Sai maganar abin da injin zai ci. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Wannan ya sa manoma da yawa suka canza wa injunansu kafireta don su yi aiki da gas ɗin girki. Dabara ce mai rage kashe kuɗi, amma da sharaɗi: a sami mesar gas ta ƙwarai, kada a bar tukunya cikin tsakar rana, kuma a lissafa nisan wurin da ake ɗurawa. Wanda sai ya hau babur ya yi doguwar tafiya kafin ya cika tukunya, ribar tasa ta tafi a hanya.

Famfon sola shi ne abin yayi yanzu, kuma ga ɗan lambun bayan gida ban ga kamarsa ba. Ba ya ƙara, ba ya neman mai. Sai dai kuɗin farko yana da nauyi, ruwansa kaɗan-kaɗan ne, kuma ranar da hazon hunturu ya rufe sama ƙarfinsa yakan ragu. Ga kuma fargabar ɓarayi, domin farantan sola ba abin da za a bari a fadama da dare ba ne. Duk wanda gonarsa take nesa da gida ya tanadi ko dai mai gadi ko amalanke.

Abu na ƙarshe da nake ganin ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne makanike. Yawancin injunan China da ke kasuwar Sabon Gari an ƙera su ne a kan tsarin Honda GX160, shi ya sa fulogi da kafireta da ringi nasu suke samuwa ko a ƙauye. Araha ba ta ado, amma inji mai tsada wanda sai an je Kano za a sami kayan gyaransa ya fi cutarwa, domin tumatir ba ya jiran kwana uku babu ruwa. Kafin ka biya, je wurin makaniken garinku ka tambaye shi wane iri ne ya fi gyarawa, wane iri ne kuma kayansa suke shagonsa. A wurin ciniki a tayar maka da shi, a sa shi ya ja ruwa a gabanka. Idan rani ya ƙare, a zazzage fetur daga tanki da kafireta, a tsiyaye ruwan cikinsa kafin a jingine shi a zaure, don kada baɗi ya ƙi tashi.

Shawarata ga mai ƙaramin fili da rijiyar bututu ita ce ya sayi mai inci biyu, ya rage kuɗin mesa da taki da mai na wata guda. Daidai ruwa, daidai tsaki. 'Yan uwa na yankin Gwarzo, Kabo da Ƙaraye, ku gaya mana wane iri ake amfani da shi a fadamarku, da yadda yake kaya wa idan Maris ya kama.

Allah Ya ba mu rani mai albarka.