Fushi Ma Yana da Ranarsa

Tun muna ƙanana iyayenmu da malamanmu na allo suke ja mana kunne a kan fushi. Suna cewa haƙuri maganin zaman duniya, kuma ba ƙarya suka yi ba. An koya mana cewa idan ran mutum ya ɓaci yana tsaye to ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, ko ya tashi ya yi alwala. Ni ban zo yin gardama da wannan ba. Amma na lura da yawa daga cikinmu sun ɗauka haƙuri shi ne mutum ya haɗiye kowace irin cuta ya yi gum. To, a nan ne nake da ja. A ganina an ce ka zauna ne domin hankalinka ya komo jikinka, ka san abin da za ka yi da fushin nan.

Mu 'yan makarantar kwana mun ƙware wajen ɓarnatar da fushi. Malami ya tsawata wa firifet da rana, da dare sai firifet ya shigo ɗakin kwana ya sa 'yan ƙaramin aji tsallen kwaɗo, ko ya tura su ɗebo ruwa cikin sanyi. Fushin kaza ke nan, huce kan dami. Shi kuma yaron sai ya ƙulla abin a ransa, yana jiran ya zama babba ya rama a kan wani da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mafi muni kuwa shi ne bore. Kowa ya taɓa jin labarin makarantar da ɗalibai suka tashi saboda abinci, suka farfasa tagogi, suka yi kaca-kaca da kicin. Me ke biyo baya? A rufe makaranta, a kori wasu, a aza wa iyaye kuɗin gyara, masu shirin jarrabawar fita su yi hasarar makonni. Shi ko ɗan kwangilar da ya kawo wake mai ƙwari yana gidansa yana barci, ko ƙwarzane bai samu ba.

Bari in kawo muku labarin wasu mutane da aka cuta fiye da yadda aka taɓa cutarmu, mu ga yadda suka yi da nasu fushin. A birnin Montgomery na Jihar Alabama a Amurka, doka ta ware wa Turawa kujerun gaba a cikin bas, baƙar fata kuwa sai baya. In gaba ta cika, baƙi ne za su tashi su ba da wuri. Ran 1 ga Disamba, 1955, wata mai ɗinki, Rosa Parks, 'yar shekara 42, tana komawa gida daga aiki, direba ya ce ta tashi. Ta ƙi. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ɗaga hannu ba, ta dai ci gaba da zamanta har 'yan sanda suka zo suka tafi da ita. Kotu ta ci ta tarar dala 10, da dala 4 kuɗin shari'a.

Ran baƙaƙen garin ya ɓaci matuƙa, kuma da sun so ƙona motocin nan da sun ƙona. Maimakon haka, wata malamar kwaleji, Jo Ann Robinson, da mataimakanta suka kwana suna buga dubban takardu, suna kiran jama'a kada kowa ya shiga bas ran 5 ga wata. Sun yi lissafi, sun san mafi yawan masu shiga bas ɗin baƙi ne, watau da kuɗinsu kamfanin yake tsaye. Masu motoci suka tsara yadda za su riƙa ɗaukar 'yan'uwansu zuwa wurin aiki, sauran kuma suka riƙa takawa da ƙafa, har da tsofaffi. A watan Janairu na 1956 aka jefa bam a gidan shugabansu, Martin Luther King. Mutane suka taru a ƙofar gidan a fusace, wasu da makamai, amma ya fito ya lallashe su suka koma gida. Lauyoyinsu kuma suka shigar da ƙara. A watan Nuwamba na shekarar Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar da cewa wariyar nan ta saɓa wa tsarin mulki. Kwana 381 suka yi ba su shiga bas ba.

Kwana 381, jama'a! Mu namu fushin kwana nawa yake yi? Ran da tuwo ya zo da gari-gari mu yi ta buga kwanoni, ran da aka dafa shinkafa da nama kuwa shi ke nan an manta. Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne yawan aikin gajiyarwa da ke cikinsa: buga takarda, tara kuɗin mai, tsara wa zai ɗauki wa da ƙarfe nawa. Wutar maƙera ce, ana zuga ta a hankali har ƙarfe ya yi laushi. Haka ma ɗalibin da aka yi wa dariya a aji saboda ya faɗi lissafi. Yana iya tare mai dariyar a bayan ɗakin kwana, yana kuma iya ɗaukar haushin nan ya kai shi kan littafi kowace asuba har ƙarshen zango.

Na san wani zai ce ai manya ba sa jin magana sai an fasa wani abu. Gaskiya ne takarda tana da nawa, wani lokaci ma a jefa ta cikin durowa. Amma wanda ya fasa taga ya ba hukuma abin magana: daga ranar zancen taga za a yi, zancen wake ya mutu.

Saboda haka ga shawarata game da abincinmu, wanda kowa ya san ana gunaguni a kansa. Kowane ɗakin kwana ya zaɓi mutum ɗaya, a sami littafi guda. Kullum a rubuta kwanan wata, da abin da aka dafa, da yawan waɗanda suka rasa rabonsu, da ranar da aka sami tsakuwa ko ƙwari. A roƙi izini wakilanmu biyu su riƙa tsayawa sa'ad da ake awo daga sito zuwa kicin. Bayan wata guda a kai wa Firinsifal littafin cikin ladabi, kowa ya sa hannu, don kada a ware mutum ɗaya a ce shi ne kanwa uwar gami.

Ku kuma iyayenmu, don Allah idan kun zo ziyara muka kawo muku kuka, kada ku tsaya ga ce mana mu yi haƙuri. Ku ce mu nuna muku littafin, sa'an nan ku tafi da maganar taron iyaye da malamai na zangon nan.